Haƙƙin ma'aikatan fim: Abin da ya sa yajin aiki yake da wuya a Najeriya

Garin Vom da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato ya yi suna ne da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, wadda ta kafu a can tun 1924. Ma'aikacin wannan cibiya yana da takardar ɗaukar aiki, ya san matakin albashinsa, ana tara masa kuɗin fansho, kuma yana da ƙungiyar ƙwadago. Ranar da aka riƙe masa haƙƙi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan tura ta kai bango, ƙungiyarsa tana iya kiran yajin aiki, kamar yadda ma'aikatan cibiyoyin bincike na tarayya suka sha yi a kan bashin albashi da alawus.

Tsakanin Vom da tsakiyar birnin Jos, inda hedikwatar Hukumar Shirya Fina-finai ta Najeriya take, tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya a mota ba. Daga Jos ne ayarin masu shirya fim kan fita zuwa duwatsu da filayen wannan yanki don ɗaukar hoto. A cikin irin wannan ayari akwai mai riƙe fitila, da mai ɗaukar sauti, da mai kwalliya, da mai kula da tufafi, da direba, da dattijuwar da za ta yi fitowa biyu a matsayin uwa. Akasarinsu da baki aka yi ciniki da su. Idan an tashi daga aiki sai a sallame su da abin da ya sawwaƙa, wani lokaci kuma a ce su yi haƙuri sai fim ya fita.

Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 40, ya bai wa kowane ɗan ƙasa damar kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa. Ma'aikacin Vom da mai riƙe fitila duk wannan sashe ya shafe su. To, me ya sa ɗaya yake iya ajiye aiki har a saurare shi, ɗaya kuwa ba ya iyawa?

Jos, tsohon gidan fim

Dangantakar Filato da kyamara ta daɗe. Fim ɗin Palaver na 1926, wanda ake ɗauka a matsayin dogon fim na farko da aka shirya a Najeriya, a tsakanin al'ummomin wannan tsauni wani Bature mai suna Geoffrey Barkas ya ɗauke shi. A 1979 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Shirya Fina-finai da doka mai lamba 61, mazauninta ya zama Jos. A ƙarƙashinta ne aka buɗe Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa a 1995. Kwalejin Talabijin ta NTA ma a Jos take. Daga watan Janairun 2024 kuwa, jarumi Ali Nuhu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Jos, shi ne shugaban hukumar.

A kewayen Jos ne aka ɗauki shirin NTA mai dogon zango na Cock Crow at Dawn, wanda ya fara a 1980 don kwaɗaitar da jama'a komawa gona. Marigayi Sadiq Daba, wanda ya fito a matsayin Bitrus a cikin shirin, ya zama sananne a kowane gida mai akwatin talabijin. A ƙarshen rayuwarsa, da cuta ta kwantar da shi, sai da aka nemi taimakon jama'a don biyan kuɗin asibiti, kafin rasuwarsa a ranar 3 ga Maris, 2021. Haka aka yi wa John Okafor, wanda aka fi sani da Mista Ibu, a 2023. A masana'antar fina-finan Hausa ma an saba ganin bidiyon tsohon jarumi a kwance ana roƙa masa kuɗin magani.

Idan haka ƙarshen waɗanda aka san fuskarsu yake, ana iya kwatanta halin waɗanda suke bayan kyamara.

Abin da yajin aiki ya samar a wasu ƙasashe

A 2023 masana'antar fim ta Amurka ta tsaya cik. Marubuta kimanin 11,500 sun ajiye alƙalami daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba, kwana 148 ke nan. Ƙungiyar 'yan wasa mai mambobi kimanin 160,000 ta bi sahu daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamba, kwana 118. Rabon da ƙungiyoyin biyu su yi yajin aiki a lokaci guda tun 1960, sa'adda Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yake jagorantar 'yan wasa.

Yajin 1960 ne ya samar wa 'yan wasan Amurka asusun fansho da na kula da lafiya, ya kuma tabbatar musu da kuɗin maimaici a kan fina-finan silima da ake sayar wa gidajen talabijin. Ma'anar kuɗin maimaici ita ce, duk lokacin da aka sake cin moriyar fim, waɗanda suka yi shi suna da ɗan kaso. Da manhajojin kallo ta intanet irin su Netflix suka karɓe kasuwa, wannan kaso ya ragu ƙwarai, abin da ya zama babban dalilin yajin 2023. Ɗaya dalilin shi ne fargabar kamfanoni za su yi amfani da ƙirƙirarriyar basira su kwafi fuskar mutum da muryarsa, su yi ta aiki da su ba tare da sun sake biyansa ba.

A yarjejeniyar da aka cimma, 'yan wasa sun sami ƙarin kashi 7 cikin 100 nan take a kan mafi ƙarancin kuɗin aiki, waɗanda ake tarawa don cika taro a bayan jarumai kuma suka sami kashi 11. An kuma wajabta neman izinin ɗan wasa da biyansa kafin a sarrafa kamanninsa da kwamfuta. Manyan taurari sun fito zanga-zanga, amma waɗanda suka fi cin moriyar ƙarin su ne na ƙasa, waɗanda sunansu ba ya fitowa a fasta.

A Indiya ma, wadda masu kallo a ƙasar Hausa suka fi sabawa da fina-finanta, ma'aikatan fim da talabijin fiye da 100,000 a birnin Mumbai sun ƙaurace wa aiki a farkon Oktoban 2008, saboda jinkirin biya da tsawon lokutan aiki. Cikin 'yan kwanaki furodusoshi suka zauna da su aka daidaita.

A wuraren nan biyu abubuwa uku ne suka haɗu. Akwai ƙungiya ta ma'aikata zalla. Akwai gamayyar masu ɗaukar aiki da za a zauna da ita a teburi guda. Akwai kuma rubutacciyar yarjejeniya da ta ɗaure kowa.

A Najeriya wa yake dakatar da aiki?

Tarihin masana'antar fim ta Najeriya ya nuna cewa galibi daga sama ake dakatar da aiki. A 2004 'yan kasuwar fina-finan kudu, waɗanda su ne suke zuba jari a lokacin, sun haramta aiki da wasu manyan jarumai na tsawon shekara guda bisa zargin tsadar kuɗin aiki. Cikinsu akwai Genevieve Nnaji, da Omotola Jalade-Ekeinde, da Richard Mofe-Damijo, da Ramsey Nouah. Masu jari ne suka haɗa kai a kan ma'aikata.

A 2007 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, har wasu suka kwashe kayan aikinsu suka nufi Kaduna da Jos. Mai jari yana iya jira ko ya yi ƙaura. Wanda abincinsa na yau ya dogara a kan aikin yau shi ne ya ji a jikinsa, kuma babu wani asusu da ya tallafe shi.

A watan Fabrairun 2022 maganar biya ta fito fili a Kannywood. Dattijuwa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa a wasan kwaikwayo, ta bayyana a wata hira da Sashen Hausa na BBC cewa abin da akan ba ta a fim yawanci daga naira 2,000 ne zuwa 5,000. Wasu furodusoshi da daraktoci sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka a ayyukansu. An yi ta cece-ku-ce na makonni. Abin lura shi ne gardamar ta tsaya a kan wane ya faɗi kaza, wane ya tuna kaza, domin masana'antar ba ta da wani sanannen farashi da za a auna maganar kowa da shi.

Abin da ya fi kama da ajiye aiki na bai-ɗaya ya faru ne bayan wani mummunan hatsari. A ranar 10 ga Afrilu, 2024, kwalekwale ya kife a Kogin Neja a yankin Anam na Jihar Anambra, jarumi Junior Pope ya rasu tare da wasu ma'aikatan fim, cikinsu har da mai kwalliya da mai ɗaukar sauti. Ƙungiyar 'Yan Wasa ta Najeriya, wato AGN, ta ayyana washegari a matsayin ranar da ba za a ɗauki fim ba, ta kuma dakatar da aiki a kan ruwa. Matakin na makoki ne da gargaɗi, bai kai ga ciniki a kan kuɗin aiki ko inshora ba.

Inda doka ta bar giɓi

Dalili na farko shi ne yadda doka take kallon ma'aikacin fim. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya bai wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da fara aiki. Yawancin fina-finan Najeriya kuwa ana gama ɗaukarsu cikin mako ɗaya zuwa 'yan makonni, ayari ya watse tun wa'adin bai yi kusa ba. Ƙari a kan haka, ma'anar ma'aikaci a wannan doka ta fi karkata ga mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, ta cire masu aikin fasaha da na ƙwarewa. Mai ɗaukar hoto da mai tace hoto suna iya faɗawa cikin waɗanda aka cire.

Na biyu shi ne mafi ƙarancin albashi. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta kai shi naira 70,000 a wata. Amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka nan ba ta shafi mai aikin wucin-gadi na 'yan sa'o'i ba, da wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ko bisa kamasho. Ƙananan kamfanonin fim da masu yi musu aiki kusan duka a nan suke.

Lissafi kaɗan zai nuna girman matsalar. Idan aka raba naira 70,000 a kan ranakun aiki 22, kowace rana ta tashi a kan kimanin naira 3,200. Wanda aka ba naira 5,000 a wuni zai zama kamar ya wuce wannan ma'auni. Amma a misali, idan kwana takwas kawai ya sami aiki a watan, abin da ya shiga aljihunsa naira 40,000 ne, kuma daga ciki zai yi kuɗin mota, ba shi da hutu, ba shi da fansho. Saboda haka ne a ƙasashen da aka tsara sana'ar ake sa kuɗin wunin mai aikin fim ya ɗara na mai albashi, don ya rufe ranakun zaman jira.

Na uku shi ne tsarin ƙungiyoyi. Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta buƙaci aƙalla mutum 50 kafin a nemi rajista, kuma gyaran da aka yi mata a 2005 ya ce sai mambobi sun kaɗa ƙuri'a, rinjaye ya amince, kafin a shiga yajin aiki. Akwai ƙungiyar RATTAWU ta ma'aikatan rediyo, talabijin, wasan kwaikwayo da al'adu a ƙarƙashin NLC, amma ƙarfinta yana cikin masu albashi a gidajen watsa labarai da hukumomin gwamnati. Ƙungiyoyin masana'antar fim kuwa akasarinsu na sana'a ne. MOPPAN, alal misali, uwa ce da ta tattara furodusa, da darakta, da jarumi, da marubuci, da mai ɗaukar hoto a inuwa guda. Tana da amfani wajen sasanta rikici, da ladabtarwa, da magana da gwamnati. Amma mai biya da wanda ake biya suna zaune a kan tabarma ɗaya, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne furodusa yau, gobe ɗan wasa a fim ɗin abokinsa.

Na huɗu ba ya cikin littafin doka. Harkar ta ginu a kan ubangida da yaro. Wanda ya ɗauko ka, ya koya maka riƙe kyamara, ya ciyar da kai, da wuya ka dube shi ka ce sai ya rubuta maka takarda. Ga kuma dubban matasa da suke shirye su fito a fim kyauta don a san fuskarsu. Duk wanda ya ƙi aiki a kan kuɗi kaɗan ya san kafin la'asar an maye gurbinsa.

Uzurin furodusa

Adalci ne a ji ta bakin mai zuba kuɗi. Kasuwar kaset da faifai, wadda ta ɗauki nauyin fina-finan Hausa tun daga Turmin Danya na 1990, ta durƙushe saboda satar fasaha da tura fim a waya. Shagunan Ƙofar Wambai da ke Kano, waɗanda a da suke sayen fim tun kafin ya fita, sun daina zama madogara. Masana'antar ta koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, inda kuɗi yake zuwa a hankali gwargwadon masu kallo da tallace-tallace. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tsadar rayuwar da ta biyo baya sun ninka kuɗin janareto, da sufuri, da abincin ma'aikata. A farkon 2024 kuma kamfanin Amazon ya rage zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka.

Furodusoshi da dama da bashi suke aiki, wasu kuma ba sa mayar da uwar kuɗi. Sai dai wannan sauyi na kasuwa yana da wata fuska. A zamanin kaset ana sayar da fim sau ɗaya a wuce wurin. Yanzu shirin da aka ɗora a intanet yana iya kawo kuɗi shekara da shekaru, ana kuma iya sake sayar da shi ga wata tasha. Wanda aka sallama sau ɗaya a ranar ɗauka ba shi da komai a cikin wannan. A nan ne ƙananan ma'aikata suke kawo karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Me ake nufi da biya na adalci?

Ba wanda yake cewa a biya mai riƙe fitila daidai da jarumin da sunansa yake sayar da fim. Abin da ake nema matakai ne da ba su fi ƙarfin masana'antar ba.

Na farko, takarda. Ko da shafi ɗaya ne, a Hausa ko Turanci, ya nuna aikin, da yawan kwanaki, da kuɗin, da ranar biya. Da irin wannan takarda ne mutum zai iya tsayawa gaban ƙungiya ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Jos da Kano.

Na biyu, sanannen mafi ƙarancin kuɗin wuni ga kowane rukunin aiki, wanda ƙungiyoyin furodusoshi da na ma'aikata za su amince da shi, a riƙa sabunta shi idan farashi ya tashi. Ana iya bambanta ƙaramin fim da babba don kada a kashe masu tasowa.

Na uku, kason maimaici. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Beijin ta kare haƙƙin 'yan wasa a 2017, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta tabbatar da cewa mai wasa yana da haƙƙi a kan wasansa. Akwai kuma ƙungiyar AVRS, wadda Hukumar Haƙƙin Mallaka ta amince wa tun 2014 ta riƙa karɓar kuɗi daga wuraren da suke nuna fina-finai tana raba wa mambobinta. Wanda bai yi rajista ba, ko bai san abin da ya sa wa hannu ba, haƙƙin nan yana wuce shi.

Na huɗu, kariya daga hatsari da tsufa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta fi Dokar Ƙwadago faɗi, domin ta haɗa har da mai aikin wucin-gadi da wanda aka ɗauka da baki. Mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar kuɗin ma'aikatansa a asusun NSITF, wanda yake biyan diyya idan an ji rauni ko an rasa rai a bakin aiki. Tun 2019 akwai tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, akwai kuma hukumomin inshorar lafiya na jihohi, irin su PLASCHEMA a Filato, waɗanda ƙungiya za ta iya shigar da mambobinta a dunƙule.

An daɗe ana maganar kafa majalisar da za ta tsara sana'ar fim baki ɗaya, wato MOPICON. A 2016 Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya kafa kwamitin sake duba daftarin dokarta, amma masu sana'ar sun rabu a kai, wasu suna tsoron za ta zama takunkumi. Matakan nan huɗu ba sai sun jira ta ba. Gwamnati tana iya farawa daga inda take da iko: duk fim ɗin da zai ci tallafi ko rancen gwamnati, ko zai yi amfani da kayan aikin hukumominta, a sharɗanta masa nuna takardun ma'aikata da shaidar inshora.

Yajin aiki shi ne makami na ƙarshe, kuma yana da tsada. Dokar Sasanta Rikicin Ƙwadago ta ce wanda bai yi aiki ba ba shi da albashin kwanakin da ya ƙaurace, ma'aikatan Amurka ma sun yi watanni ba kuɗin shiga. Amma sanin cewa ma'aikata suna iya ajiye aiki tare shi ne yake sa a zauna da su tun kafin a kai can. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kowace shekara Cibiyar Koyar da Aikin Fim da Kwalejin Talabijin da ke Jos suna yaye matasa da suka ƙware a haske, da sauti, da tace hoto. Wasunsu za su sami gurbi a hukumomin gwamnati, su shiga sahun ma'aikacin Vom mai takarda da fansho. Mafi yawansu za su bi ayari ne daga wannan aiki zuwa wancan. Idan tun a aji aka koya musu yadda ake rubuta yarjejeniya da karanta ta, kamar yadda ake koya musu saita kyamara, su ne gobe za su zama furodusoshin da suke biya da ma'aikatan da ake biya, kuma kowannensu zai san abin da ya kamata a rubuta kafin a kunna fitila.